Kafin A Sayo Kwamfuta, A Zana Hanyar Takarda

A hutun da ya wuce na kwana tara ina bin takarda guda ɗaya. Ƙanwata ce ta sami gurbin karatu, aka ce lalle sai ta kawo shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma, da yake kuwa ni ne ɗan bokon gidan, sai aka ɗora mini. Ba zan ambaci ofishin ba, domin ba shi kaɗai ke da wannan hali ba, ma'aikatansa kuma ba su yi mini rashin mutunci ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk wanda na tambaya ya san teburin da takarda ke fitowa kafin ta zo gare shi, ya san wanda zai miƙa wa, amma babu ko mutum guda da ya iya gaya mini hanyar tun daga farkonta har ƙarshenta. Masinja ne kaɗai ya kusa, shi kuwa ba a shawara da shi.

A daren kwana na shida, da haushi ya ishe ni, sai na ɗauko takarda da fensir na yi abin da aka koya mana a aji, wanda a da nake ɗauka aikin cin jarrabawa ne kurum, watau taswirar tafiyar bayanai. Ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata bayaninta, domin a ganina ofisoshin ƙasar Daura sun fi bukatarta a kan kwamfutocin da kowa ke roƙo.

Dabarar ta fito ne daga Amurka cikin shekarun 1970, lokacin da kamfanoni suka gaji da kashe kuɗi a kan manhajojin da ba su dace da aikinsu ba. Larry Constantine da Edward Yourdon ne suka share fage, Tom DeMarco ya shimfiɗa ƙa'idojinta a littafinsa na 1978, Chris Gane da Trish Sarson kuma suka fito da nasu salon a wajen wannan lokaci. A farkon shekarun 1980 Gwamnatin Ingila ta sa ta cikin tsarin da hukumominta ke bi kafin su gina na'urar aiki. Alamominta huɗu ne tak. Akwati shi ne wanda ke wajen ofis, mai kawo bayani ko mai karɓa. Da'ira ita ce aikin da ake yi wa bayanin, kamar dubawa ko sa hannu. Layi biyu a jere su ne rumbu, inda bayani ke kwana, ko rajista ce, ko fayil, ko na'ura. Kibiya kuwa ita ce tafiyar, kuma dole a rubuta mata suna, a faɗi abin da ta ɗauko. Ana fara zana ofishin gaba ɗaya a da'ira guda, sa'an nan a fasa ta zuwa ƙanana, da sharaɗin duk kibiyar da ta shiga babbar ko ta fita sai an gan ta a cikin ƙananan.

Amfaninta yana cikin dokokinta. Bayani ba ya tashi daga rumbu zuwa rumbu da ƙafarsa, sai wani ya ɗauke shi, don haka dole a nuna ko wane ne. Da'irar da kibiya ke shiga ba ta fita, masana suna ce mata baƙin rami, mu kuwa sai mu ce rijiya gaba dubu. Da'irar da ke fitar da abin da ba a shigar mata ba, wannan rufa-ido ne, kuma duk wanda ya taɓa jin labarin ma'aikatan bogi ya san irinta: suna ya fito a takardar albashi alhali babu takardar ɗaukar aiki da ta shiga.

To, ga abin da zanena ya nuna. Bisa al'ada mai nema yakan fara da mai unguwa, ya wuce wurin dagaci, hakimi ya sa hannu, sa'an nan a shiga ofis. A cikin ofishin na ƙirga tebur bakwai. Uku daga ciki abin da ya shiga shi ke fita, ba ƙari ba ragi, sai dai kwana. Na tarar da rajista biyu da ake rubuta sunan kowane mai nema, kibiya tana shiga cikinsu kullum, amma ban sami kibiya ko ɗaya da ke fita ba. Watau ana rubutu, ba a karantawa. Shi ya sa in takardarka ta ɓace bayan shekara biyu sai ka koma wurin mai unguwa ka faro daga tushe, ga sunanka kuwa kwance cikin kabad. Sa hannun ƙarshe kuma yana wurin mutum guda da ba ya zama sai rana ɗaya a mako. Mu mutanen Daura mun san labarin rijiyar Kusugu, wadda ba a ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a, ban dai zaci zan same ta da hatimi da tawada ba.

Mai karatu zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ke cikin garin Daura, wataƙila. Amma masarautar nan ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, kuma mutumin ƙauye da ya bar gonarsa da damina ya biya kuɗin mota ya zo, aka ce masa ya dawo jibi, shi ya san ko ƙaramin abu ne. Ga kuma iyakar Nijar a gefenmu. Daga Kwangwalam zuwa ƙauyukan Zango da Baure gida ɗaya kan rabu biyu, wa a wannan ƙasa, ƙane a waccan. Tambayar wane ne ɗan ƙasa a nan tana da nauyi, amsarta kuwa tana cikin kan mai unguwa, wanda ya san uban yaro da kakansa. A taswira shi ne mafarin kowace kibiya. Duk da haka akwati ne na waje, babu rumbun da ke riƙe da saninsa, ranar da ya kwanta dama kuwa ya tafi da shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ƙasar nan ta taɓa sanin wannan aiki sarai. A zamanin En'e, kowace shekara masu unguwanni da dagatai sukan ƙirga magidanta da samarin da suka isa biyan haraji, malamin hakimi ya rubuta, lissafi ya tafi birni, a yanka, kuɗi su hau zuwa baitulmali, rasit ya sauko har hannun mai biya. A zana wannan a takarda, za a ga kowace kibiya tana da mai ita, kowane rumbu ana buɗe shi, domin in lissafi bai cika ba akwai wanda zai amsa tambaya, wani lokaci ma da rawaninsa. Ba kewar haraji nake yi ba. Kakanninmu sun sha wuyarsa, kuma da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Daura tana cikin Jihar Kaduna, talakawa murna suka yi. Abin lura kawai shi ne, hukuma ta iya tsara hanyar bayani tsaf a lokacin da take karɓa daga hannun talaka. Da aka zo kan abin da za ta ba shi, sai hanyar ta zama ta kurege. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mulki daga fada ya kai sakatariya, an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ofisoshi sun ƙaru, amma sanin mutane yana nan inda yake tun da, ana aron sa da wasiƙa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu kuma zamani ya ƙara wa abin haɗari. A Disamban 2020 Gwamnatin Tarayya ta ce a haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, daga 2021 kuma hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da wannan lamba, daga can take ɗauko sunansa da ranar haihuwarsa. Ma'anar wannan a taswira ita ce rumbu guda yana shayar da rumbuna da yawa. In an rubuta Muhammadu a makarantar firamare, Mohammed a asibiti, Muhammad a wurin rajista, ko aka ƙaga wa yaro ranar haihuwa don ba a rubuta ta ba tun farko, kuskuren zai bi kibiya ya shiga jarrabawa, ya shiga banki, ya bi mutum har ranar fansho. A zamanin takarda kuskure yakan tsaya a kabad ɗaya. Na'ura kuwa ba ta gajiya da kwafe shi. Saboda haka duk ofishin da ya zuba aikinsa cikin kwamfuta ba tare da ya zana hanyarsa ba, tebur ukun nan marasa amfani zai mayar allo uku, ya ƙara musu matsalar wuta da ta intanet. DeMarco ya shimfiɗa matakan a jere: a zana yadda ake yi yanzu, a tace a ga ainihin abin da aikin ke bukata, a zana sabon tsari, sai a ƙarshe a yi maganar na'ura. Mu daga ƙarshen muke farawa, domin a nan kwangila take.

Na san abin da za a ce. Wani abokina da ke karatun kwamfuta ya yi mini dariya, wai tsohon yayi ne, an fito da sababbin hanyoyin zane tun shekarun 1990. Gaskiya ne, amma waɗancan don masu rubuta manhaja aka yi su, wannan kuwa dagaci zai iya dubawa ya ce a'a, ba ta nan takarda ke bi ba. Har yau ma masu tsaron na'urori da ita suke gano inda bayani ke iya zurarewa, kuma tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023, ofishin da bai san hannu nawa ke taɓa takardun mutane ba, da me zai kare su? Suka ta biyu ta fi ƙarfi: taswirar ba ta nuna lokaci, ba ta nuna wanda ke jiran goro. Na yarda. Kibiya ba ta faɗin ko kwana ɗaya ta yi a hanya ko wata guda, sai mai zane ya rubuta da hannunsa a gefe. Zane kuma ba ya sa wa mutum tsoron Allah. Sai dai bango ne ke tsagewa kafin ƙadangare ya sami wurin shiga, kuma 'yan kamashon da ke zaune bakin ƙofa suna cewa kawo in shigar maka, jahilcin hanya suke sayarwa. In hanyar tana manne a bango, jarinsu ya karye.

Ga abin da nake roƙo. Kowace shekara ana tura ɗaruruwanmu ofisoshi koyon aiki, mu share watanni muna sayo wa manya abinci muna cika littafi da ƙarya. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019, ga jami'o'in Katsina da Dutsin-ma. Ƙungiyar ɗalibai ta nemi malamanmu su sa wannan ya zama aikin da za a ba maki a kansa: kowane ɗalibi ya ɗauki takarda guda, ko ta haihuwa, ko ta fili, ko katin asibiti, ko fayil ɗin fansho, ya bi ta da ƙafa daga tebur zuwa tebur, ya zana, ya nuna wa masu aikin su gyara. A fara da masinja da akawu kafin a je wurin shugaba, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In an gama a rubuta da Hausa, boko da ajami, a manna a bakin ƙofa, a kai wa hakimi kwafi. Ku kuma matasan ma'aikata, ba sai kun jira umurni daga Katsina ba kafin ku san inda takardar da kuka sa wa hannu take kwana.

Ranar da na karɓi takardar ƙanwata na nuna wa wani dattijon akawu zanena, ina fargabar kada ya ɗauka raini ne. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya karɓi fensirina ya juya kibiya biyu da na zana a karkace, ya ƙara rajista ta uku da ban san da ita ba. Sa'an nan ya ɗora yatsa a kan tebur na huɗu, ya ce wannan an kafa shi ne tun lokacin da ake biyan kuɗin takardar a nan, yanzu kuwa a banki ake biya. Ya tambaye ni ko zan bar masa zanen, na bar masa.