Ba a koyon gina shafin intanet da alli

Malamai, mu ji tsoron Allah. Ɗalibi ya shekara a jami'a yana kwafe HTML daga allo zuwa kaye, bai taɓa ganin shafinsa ya buɗe ba, sannan mu ce mun koyar da shi? Wane tela ya iya ɗinki bai taɓa taka keke ba?

Kada mu fake da rashin kwamfuta ko ɗaukewar wuta. Wayar Android ta aljihunsa ta isa ya rubuta HTML da CSS, ya ga shafin ko babu intanet, ya gyara kuskurensa nan take.

Iyaye, ku bar tambayar maki. Ku ce: "Nuna mini shafin da ka gina." In babu, kuɗin lakkol sun tafi a banza.