Akanta Ɗaya, Kamfanoni Uku

Duk Litinin nakan fito daga Rafin Guza, in bi ta Kawo, in nufi ofishin wasu samari masu manhajar haɗa manoman lambu da 'yan kasuwa. Laraba kuma ina wani kamfanin daban. Babu wanda ya ɗauke ni aikin dindindin, ni ma ban nema ba.

Yaran nan gwanaye ne a kwamfuta, amma haraji da takardun CAC kan ɗaure musu kai. Albashin cikakken daraktan kuɗi zai cinye musu jari kafin shekara ta zagayo. To, me zai hana su sayi kwana biyu cikin makona? Dokar sababbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta tanadi rangwamen haraji, amma sai mai tsabtatattun takardu ke cin moriyarta.

Akwai wuya, ba na ɓoyewa. Wani watan kuɗi kan makara. Sirrin wannan kamfani kuma ba ya tsallaka zuwa wancan, domin amana ce jarina.

Tsofaffin manajojin bankuna da na masaƙun Kakuri da ke zaune a gida, ku fito, yaran nan na bukatarku.