"Shafi 14" Ba "Shafi na 14" Ba Ne

A Zangon Kumasi, inda Hausa ke zaune tsakanin harshen Asante da Turanci, ɗalibin da ya tsara maƙalarsa da manhajar LaTeX zai ga jimlarsa ta Hausa ta ƙare da "on page 14". Kunshin varioref ne ke sa wannan, domin ba ya jin Hausa. Masu cewa a bar shi haka, wai ai lamba ce kawai, ba su da hujja. Layi ɗaya ne gyaran: a sauya umarnin \reftextfaraway ya riƙa fitar da "a shafi na", \reftextafter kuma ya ce "a shafi na gaba".

Wanda ya gyara rabi ya fi ɓarna. "Shafi 14" ƙidaya ce, wato shafuka goma sha huɗu. "Shafi na 14" matsayi ne, shi ne inda ake aika mai karatu. Wannan "na" ɗin nahawu ne, kuma manhaja ba za ta ƙara shi da kanta ba.

Sai batun rubutun hannu. Takardun malaman Kumasi na farkon ƙarni na 19, waɗanda ke ajiye a Kopenhagen, da waraƙa ake ƙirga su, gaba da baya. Magabata ma ba lamba suke sawa ba, kalmar farko ta waraƙa mai zuwa suke rubutawa a ƙasa. Ɗalibin da ya kira waraƙa ta 12 "shafi na 12" ya tura mai bincike waraƙa ta 6.