Kasuwar kwamfutocin hannu a intanet: Gombe na da masu saye, amana ce ta yi ƙaranci

Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 ba, dole ya nemi ta hannu. Ga shi buƙatar sai ƙaruwa take: hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta ɗungurungum tun 2015, Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya kuma ya matsa wa ma'aikatu lamba su rabu da fayil ɗin takarda.

A Gombe masu saye ba su yi kaɗan ba. Akwai ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere, da ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Tarayya, da masu shagunan buga takardu. Amma tushen kayan yana nesa, a Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano. Idan mai gyara a Kumbiya-Kumbiya ya rasa allo ko batirin wata kwamfuta, sai ya tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, ya jira direba a tasha. In kayan ya zo matacce, asarar tasa ce. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

A nan ne shafin ciniki na kwamfutocin hannu da kayan gyaransu zalla zai iya samun gurbi. Manyan shafuka irin su Jiji, wanda ya sayi harkar OLX a Najeriya a 2019, da Facebook da zaurukan WhatsApp, sun riga sun haɗa mai saye da mai sayarwa. Abin da ya rage shi ne aikin dillalin kasuwa na asali, wato ya duba kaya, ya tsaya wa ɓangarorin biyu, sannan ya karɓi la'ada. Ƙaramin shafi ba zai ja da su a yawan talla ba. Zai rayu ne idan ya gwada kowace na'ura, ya rubuta lambarta da lafiyar batirinta, ya tantance mai sayarwa saboda kayan sata, ya kuma riƙe kuɗi a matsayin amana har mai saye ya gamsu.

Haɗari biyu ne ke gaba. Na farko, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Abin da ofisoshin Turai da Amurka suka ajiye, kasuwanni irin namu zai nufa. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya kowace shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Araha dai ba ta ado.

Na biyu ya shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Goge fayil ba ya fitar da shi daga ma'ajiyar kwamfuta. Mai gyara na iya dawo da shi. Na'urar ofis da aka yi gwanjonta ba tare da an share ta yadda ya kamata ba, tana iya fita da jerin albashi da lambobin NIN na jama'a, alhali Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tattara.

Saboda haka, masu rubuta wa shugabanni shawara suna da aiki uku a gabansu. A sanya shaidar share bayanai ta zama sharaɗi kafin a yi gwanjon kowace kwamfutar gwamnati a ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007. NESREA da Kwastam su tsaurara gwaji a tashoshin ruwa, domin shara ba ta isa Gombe sai ta bi ta can. FCCPC kuma ta fayyace haƙƙin wanda ya sayi kayan hannu a intanet ya same su da aibi.

Gina shafi ba wuya, matasan da suka fito daga shirin 3MTT ma za su iya. Abin da zai sa mai gyara a Kumbiya-Kumbiya ya bar abokin cinikinsa na Kano ya koma shafin shi ne tabbacin cewa idan allo ya iso a fashe, kuɗinsa zai dawo.