Emil Mai Taurin Kai: Ƙatuwar Igwa, Harsashi 15, Babu Kayan Gyara

Tun da na ɗora bidiyon wasan War Thunder a tasharmu, saƙonni suke ta shigowa kan wata mota guda, Sturer Emil. Wani ɗan'uwa daga Kumasi cewa ya yi, "Injiniya, da Jamus ta ƙera irin wannan guda dubu ai da labari ya sha bamban." Na yi dariya, don ni ma haka na ɗauka lokacin ina aji ɗaya a jami'a. Yanzu da nake digiri na biyu a nan Jamus, kullum ina fama da injinan gwaji a ɗakin bincike, ra'ayina ya juya. A ganina motar nan ba abin koyi ba ce, kuma yadda muke yaba ta shi ne dai yadda muke yaba wayoyin da ke ba mu kunya bayan wata shida.

Bari mu fara da mece ce ita. A 1941 da sojojin Hitler suka mamaye Tarayyar Sobiyet, sun ci karo da tankokin T-34 da KV-1, waɗanda ƙananan igwoginsu ba sa iya huda sulkensu. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ɗauki babbar igwa a ɗora kan gangar jikin tanka, a bar kan nan mai juyawa, tunda shi ne mai tsada da cin lokaci. Kamfanin Henschel yana da gangar jikin wata tankar gwaji, VK 30.01, da aka fasa ƙerawa. Sai aka ƙara mata tsawo, aka ƙara taya ɗaya a kowane gefe, kamfanin Rheinmetall ya ɗora igwa mai faɗin baki santimita 12.8, wadda asalinta ta harbo jiragen sama ce. Guda biyu kacal aka yi. Sojoji suka sa musu suna Max da Moritz, sunan wasu yara biyu marasa ji na wani tsohon littafin yara na Jamusawa. Shi kuwa Sturer Emil, ma'anarsa Emil mai taurin kai.

A takarda, dodo ce. Tana iya fasa kowace tankar Sobiyet ta lokacin daga nesa, tun kafin waccan ta matso inda nata harbin zai yi tasiri. Kuma ba zan yi mata rashin adalci ba, ta yi aiki. Wadda sojojin Sobiyet suka kama kusa da Stalingrad a Janairun 1943 tana da alamu 22 a jikin igwarta, kowace alama abin da ta harbe. Har yau tana nan a gidan tarihin tankoki na Kubinka, kusa da Mosko.

To amma ku duba sauran lissafin, wanda wasan kwamfuta ba ya sa ka ji a jikinka. Nauyinta tan 35, injinta Maybach mai ƙarfin doki 300. Ku raba, kowane tan bai samu doki 9 ba. T-34 kuwa, da injin dizal mai doki 500, tana samun ninki biyu na haka. Harsashi 15 kawai take ɗauka, kuma kowanne kashi biyu ne, sai an cusa kan sannan a cusa abin da ke tura shi. Samanta a buɗe yake, ruwa da ƙanƙara da gurneti duk suna da hanya. Igwar digiri kaɗan take juyawa hagu da dama, in abokin gaba ya kauce sai direba ya juya motar ɗungurungum, kuma duk juyi wahala ce ga giya da sarƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne adadin nan, biyu. Duk wanda ya taɓa aiki da injin da babu irinsa ya san zancen. Bara wani ƙarfe ɗan ƙarami, bai fi yatsa ba, ya karye a na'urar gwajin da nake aikin digirina da ita. Saboda ƙirar musamman ce, sai da na yi sati shida ina zaune ina kallon bango kafin a sassaƙo wani. Ni ina cikin gari ne fa, da wuta da intanet da jirgin ƙasa. Yanzu ka ɗauki bakaniken da aka damƙa wa motar da guda biyu ce a duk duniya, a filin daga sama da kilomita 2,000 daga masana'antar Henschel da ke Kassel. In wani abu ya lalace, a jikin wace mota zai ciro madadinsa? Sai dai ya yanka ɗaya ya ciyar da ɗaya.

Tana da 'yar'uwa ma, Dicker Max, wato Max mai ƙiba, ta kamfanin Krupp, mai igwa santimita 10.5 a kan gangar Panzer IV. An tsara ta ne don fasa gine-ginen kariya na Faransa, amma kafin a gama ta Faransa ta riga ta faɗi, sai aka sauya mata aiki. Ita ma biyu aka yi. Ɗaya ta kama da wuta a hanya a watan Yunin 1941, harsasan cikinta suka tashi, rabin duk abin da aka ƙera ya tafi ke nan.

Wani zai ce ai samfurin gwaji don koyo ake yinsa, ba don cin yaƙi ba. Na yarda, aikina ke nan kullum. Amma koyon yana da amfani ne in ya hana ka maimaita kuskure. Ku kalli Ferdinand. Porsche ya sha kaye a gasar ƙera tankar Tiger a 1942, alhali an riga an yi gangar jiki kusan 90 na ƙirarsa. Maimakon a haƙura, sai aka mayar da su maharban tanka masu tan 65 da sulken gaba milimita 200. Tsarin tuƙinta zai burge ku, injinan fetur biyu suna juya janareta, janareta na ba motocin lantarki wuta, su kuma su ja sarƙa. Kusan tunanin da ke cikin e-Power na Nissan a yau. Tunanin ba shi da laifi, lokacinsa ne bai yi ba, ga shi yana cin jan ƙarfen da Jamus ke ƙarancinsa. A yaƙin Kursk, Yulin 1943, ta harbe tankoki da yawa, amma nakiyoyi da lalacewar inji sun fi igwar abokan gaba kayar da ita. In ta tsaya kuwa, jan tan 65 daga filin daga ba wasa ba ne, da yawa a nan aka bar su.

Wadda ta yi wa Jamus aikin gaske ba ta da kwarjini ko kaɗan. StuG III, gajeruwa, igwa santimita 7.5, a kan gangar Panzer III da kowane bakanike ya sani. An ƙera sama da 10,000. Tana da kayan gyara, tana da mutanen da suka iya ta, har ta kai sojojin Siriya suna amfani da wasu a shekarun 1960.

Kada kuma sha'awar ƙarfe ta mantar da mu. Motocin nan kayan mamaya ne na gwamnatin Nazi, yaƙin da ya ci rayukan mutanen Sobiyet sama da miliyan 20, kuma masana'antar Nibelungenwerk da ke Ostiriya, inda aka haɗa Ferdinand, ta yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki. Ina nazarin ƙirarsu, ba na yi musu kirari.

Me ya kawo wannan shafin duba wayoyi? Laifina ne nake gani a ciki. Sau nawa na ɗaga waya a bidiyo ina cewa kyamara megafiksel 200, caji wat 120, kamar mai tallan igwar Emil? Ban taɓa ce muku in gilashinta ya fashe a Nima ko Briqueterie ko Jidda, wa zai canza shi kuma nawa ba. Ban faɗi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta manhajarta ba. Wanda ya tara kuɗin wata uku ya saya a kan maganata, shi ne bakaniken nan da aka bari da mota biyu.

Don haka daga bidiyo mai zuwa, kowace waya sai na buɗe bayanta, na nemo farashin batir da gilashi, na kuma tambayi masu gyara ko suna samun kayanta. Masu sana'ar gyaran waya a cikinku, ku rubuto mini garin da kuke da wayoyi uku da kayansu suka fi wahalar samu, da su zan fara.