DIGIRIN ZANE DA MASU CEWA BA YA KAWO TUWO



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji da kunnena a Jahun lokacin hutun da ya wuce. Wani yaron unguwarmu, wanda tun yana firamare ba ya barin bango ko bayan littafi su huta da zane, ya sami gurbin karatu a Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Maimakon a yi masa barka, sai majalisar ƙofar gida ta koma kotu. Wani dattijo ya dubi uban ya ce, "Haba Malam, shekara huɗu za ka yi kana sayar da gero da riɗi don ɗanka ya koyo fenti? Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a garinmu, ya gama ya kama aikin asibiti." Ban ga laifin dattijon ba, domin kuwa iyakar abin da ya sani ya faɗa. Wanda ya ba ni haushi shi ne wani ɗalibin jami'a ɗan'uwanmu, da ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wai digirin zane takardar ƙunshe ƙosai ce. To, da shi da ire-irensa nake.

Bari in fara ba su gaskiyarsu. Karatun zane yana da cin kuɗi. Ɗalibin tarihi zai iya aron littafi a laburare, amma ba a aron fenti, ba a aron yadin zane ko yumɓu, kuma duk aikin da malami ya bayar sai aljihun uba ya ji a jikinsa. Haka kuma da wuya ka ga ma'aikata ta yi cigiyar mai digirin zane yadda ake cigiyar likita ko nas. Da yawa daga cikinsu koyarwa suke ƙarewa, wasu kuma rubutun allunan shaguna. Wannan duk haka yake.

Amma da wane mudu muke awon digiri? In albashi ne mudun, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma kowa ya san kwana nawa yake yi a gidan mai iyali. Sa'an nan ku zagaya Dutse ku tambayi masu adaidaita sahu da masu rumfar POS abin da suka karanta. Za ku tarar da mai tattalin arziki, da mai kimiyyar siyasa, da mai ilimin halayyar zaman jama'a. Me ya sa ba a ce tasu takardar ta ƙosai ba ce? Rashin aiki ciwo ne da ya kama kowa. Bambancin kawai shi ne mai zane ya fito da sana'a a hannunsa, yana iya buɗe rumfa ran da ya gama bautar ƙasa, alhali kuwa wancan sai ya jira wani ya sa masa hannu a takarda.

Masu cewa babu kuɗi a zane su saurara. A watan Fabrairu na 2018 aka yi gwanjon wani zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan, aka saye shi a kan fam miliyan 1.2. A shekarar nan dai aka sayi wani zanen Njideka Akunyili Crosby a Amurka a kan fiye da dala miliyan 3. Ba na yaudarar kowa cewa yaron unguwarmu zai ga irin wannan kuɗi. Shi kansa Enwonwu ya rasu tun 1994, wasu ne suka ci ribar. Abin da nake so a gane shi ne kasuwar tana nan tana ci. Ana gwanjon zane a Legas tun 2008, kuma tun 2016 ake baje kolin ART X a can. Tambayar ita ce, ina namu a ciki?

A nan ne abin kunyar yake. Tun 1955 aka kawo sashen zane Zariya, kafin ma a kafa jami'ar a 1962. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa ba, sai sun haɗa abin da aka koya musu da fasahar iyayensu. Waɗannan su ne suka zama ginshiƙan zanen zamani a Nijeriya, har a 2023 aka ba Nwoko babbar lambar yabo a Benis ta ƙasar Italiya saboda gine-ginen da ya tsara. Ku sake duba sunayen nan. A ƙasar Hausa aka haƙa rijiyar, baƙi suka zo da gugansu suka ɗiba, mu kuwa masu gida muna gefe muna dariya. Ba su ƙwace mana kome ba, mu ne muka ƙi.

Wani zai ce ai Ladi Kwali ba ta shiga jami'a ba, ga hotonta a bayan takardar naira 20. Gaskiya ne, a gida ta koyi ginin tukunya. To amma sai da ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954, ta koyi sabuwar hanyar gashi da sa wa tukunya ƙyalli, sa'an nan tukwanenta suka kai Landan, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Baiwa daga Allah take, amma horo ne ke ɗaga farashinta.

Wani kuma zai kawo batun addini, ya ce zanen mai rai haramun ne. Ba ni da ilimin jayayya da malamai. Sai dai wa ya ce fasaha ta tsaya ga surar mutum? Wa ke yi wa allon mai saukar Alƙur'ani zayyana, kuma kyauta yake yi? Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba mai fasaha ba ne? Ku je fadar Sarkin Dutse da ke Garu ku ga adon bango, ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga. A Birnin Kudu ma, nan kusa da mu, akwai zanen shanu a jikin duwatsu wanda ya girmi kakannin kakanninmu. Zane gadonmu ne, ba Bature ya kawo shi ba.

Kuma kullum muna biyan kuɗin zane ba mu sani ba. Bangon littafin hikaya, da fostar fim, da hotunan 'yan takara da suka rufe bangaye a zaɓen 2023, duk wani ne ya tsara aka biya shi. Atamfar da ke Kantin Kwari wani ne ya zana furenta, kuma tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe akasarinta daga Sin ake kawo ta. Muna noma riɗi da zoɓo da dabino, muna sayarwa a buhu da arha, wani ya zuba a kwali mai kyan zane ya ninka kuɗin. Wannan rarar ita ce darajar digirin zane, kuma a aljihun wasu take faɗawa.

Su ma malamanmu na jami'a ba zan ƙyale su ba. Bai kamata a yaye ɗalibi ya iya haɗa launi amma bai iya yanka wa aikinsa farashi ba, bai san rubuta yarjejeniya ba, bai san dokar haƙƙin mallaka ba. A koya masa ciniki tare da burushi. Gwamnatin Jigawa kuma ta ɗauki malaman zane na gaske a makarantunta, in za ta ƙawata gini ta nemi 'ya'yanta. Mu kuwa 'yan Ƙungiyar Hausa, mu fara da kanmu: bangon mujallar nan ta baɗi a ba ɗalibi ya zana, a biya shi, kada a ce masa Allah ya yi albarka kawai.

Yaron nan dai ya tafi Zariya, uban ya ɗaure ya sayar da riɗinsa. Ban yi masa alkawarin arziki ba, don arziki na Allah ne. Amma wanda ya yi masa dariya, ina jiran ranar da zai zo neman a tsara masa allon shagonsa, in ga ko da ƙosai zai biya.

Haza wasalam.