Mai Riƙe da Makirfo, Kada Ka Manta da 'Yan Amshi

Ranar Laraba mun tafka gardama a kulob ɗinmu: idan mawaƙi ya yi suna ya bar ƙungiyarsa, cin amana ya yi ko kuwa? Ga matsayar da muka cim ma.

Misalin da muka ɗauka shi ne Innocent Idibia, wanda ake kira 2Baba. An haife shi a Jos a 1975. Da shi da Blackface da Faze suka yi ƙungiyar Plantashun Boiz, suka fitar da kundin waƙoƙi a 2000 da kuma 2003. A 2004 ya ware ya fitar da nasa shi kaɗai, wanda a cikinsa waƙar "African Queen" take. A 2005 ya ci kyautar MTV ta Turai ta gwarzon mawaƙin Afirka.

Mu dai ba mu ga laifinsa a warewar ba. Ko a gidajenmu yaro a gandu yake fara noma, in ya kawo ƙarfi a yanka masa gayauna. Ba wanda zai ce ya ci amanar babansa. Kuma muryar tasa ce, Allah ne ya ba shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an ware. Shi da Blackface sun shafe shekaru suna sa-in-sa a kan wanda ya rubuta wasu waƙoƙi, har magana ta kai kotu, sai a 2019 suka sasanta. Ba mu ce ga mai gaskiya ba. Abin da muka lura shi ne abokai ne tun ba su da komai, amma maganar suna ta shiga tsakaninsu.

Mun gwada wani abu a ajinmu. Muka ce wa ya san Mamman Shata? Kowa ya ɗaga hannu. Muka ce to a faɗi sunan ɗan amshinsa ɗaya, ko mai kalangu. Aji ya yi tsit. Haka yake a gonar shinkafa nan Kura da Bunkure. In an ƙirga buhu, sunan mai gona ake kira. Masu dashe, da mai kwana ban ruwa a bakin kanal, da mu masu korar tsuntsaye, ba a tunawa da mu.

A nan makarantar ma ya faru. Ranar rabon kyaututtuka wata ta rera waƙa aka yi ta tafi, aka ba ta littattafai. Wadda ta zauna ta tsara baitocin ko sunanta ba a ambata ba. Tun ranar ba ta sake zuwa kulob ba, kuma duk cikinmu ba mai iya tsara waƙa kamarta.

Saboda haka daga wannan fitowar, duk abin da muka liƙa a allon nan zai zo da sunan wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa da hannu, da wanda ya yi zane. Muna roƙon malamanmu su ma su riƙa tambaya kafin a ba da kyauta: su wa suka taya ka? 'Yar uwarmu kuma muna ba ki haƙuri, ki dawo ranar Laraba.